Tukwane Biyar a Bayan Rumbu

Shekaranjiya ina zaune a shagonmu na Bici, wata mata ta shigo sayen humra. Ta ɗauki kwalba tana jujjuyawa, sai ta suɓuce mata ta faɗi a kan siminti. Ba wata babbar kwalba ba ce, amma wallahi sai da na dafe teburi. Matar ta zaci asarar ce ta taɓa ni, ta shiga ba ni haƙuri tana kwance bakin zani. Na ce ta bari, ba komai. Ƙarar fashewar ce, da ƙamshin da ya taso bayanta, suka ɗauke ni cak suka dire ni a tsakar gidanmu na ƙauye, ina 'yar shekara goma sha ɗaya. Tun da abin ya taso bari in ba ka labarin, don yaran yanzu gani suke wannan sana'a tamu daga allon shago ta fara.

Ƙauyenmu yana tsakanin Bici da Shanono, irin ƙauyukan nan da gonar wannan take manne da ta wancan, in ka yi tari a bayan gidanku maƙwabci ya ce maka sannu. Kakata, mahaifiyar Babana, ba 'yar nan ba ce, aure ne ya kawo ta daga ƙasar Barno tun tana yarinya. Hausarta har ta mutu ba ta miƙe ba, taurin kanta kuwa ko jaki ya sara mata. Ita ta kawo turare gidanmu. Lokacin kaka mukan je fadama mu tono kajiji da saiwar jema, ta shanya, ta daka, ta haɗa da ƙaro da kanumfari ta yi turaren wuta. Matan gari su karɓa na biki ko na jego, su ba da mudun gero. Humra kuwa, wato turaren ruwa mai kauri na mutanen gabas, labarinta kawai take ba mu, don kayan haɗinta sun fi ƙarfinmu.

Baba manomi ne, amma Allah ya yi masa hanci. Daga zaure zai ce wa Inna miyarta ta kama, kuma a duba a ga ta kama. Kaka ba ta taɓa sauke haɗi ba sai ta kira shi ya shinshina. Ya lumshe ido, ya ce kajijin nan bai gama bushewa ba, ko ya ce kanumfari ya yi yawa. Ta harare shi ta ce me ya sani, sannan in ya fita ta gyara. Duk abin da take taƙama da shi, hancin ɗanta ne ma'auninta.

Sai fari ya zo, damina biyu a jere. Gero ya fito ya kai gwiwa ya tsaya, ya bushe a tsaye. Rumbuna suka koma wurin kwanan ɓeraye, daga baya ɓerayen ma aka cinye su. Mun ci tafasa, mun ci dusa, na ga mata manya masu mutunci suna tona gidan tururuwa don tsintar ƙwayar hatsi. Abin da ya fi tsaya mini shi ne shirun garin. Ka san ƙauye da sautin daka ake gane ya tashi. To, a shekarar nan turame kifewa suka yi, sai ka wuni ba ka ji taɓarya ta sauka ba.

A cikin haka Baba ya kai ragowar turaren wutan Kaka Birni ko zai samu na gari. Wata Hajiya mai sayar da kayan amare ta shinshina ta ce wannan hannun 'yar gabas ne, in tsohuwar ta iya humra, ko nawa aka kawo za ta ɗauka. Ashe a Birni ana nan ana ta biki, mu ne dai muke mutuwa. Baba ya dawo da maganar, idon Kaka ya kawo haske. Muna da shanun noma biyu, haƙarƙarinsu duk a waje. Inna ta ce a sayar a sayi dawa. Baba ya ce dawar ba za ta kai mu wata biyu ba, humrar kuwa za ta kai mu kaka. Sun kwana uku ba sa magana, amma shanun dai aka kora su kasuwa, Baba ya dawo da buhu biyu a kan jaki da wani kwali ɗaure da igiya. Duk abin da muka mallaka a duniya yana cikin kayan nan.

Yanzu ka tsaya ka kalli lamarin da idon maƙwabta. Ana tsakiyar yunwa, mutum ya shigo gari da buhuna. Washegari aka ji daka a gidansa, kwana uku ana yi, a garin da aka manta da sautin turmi. Itacen sandal muke dakawa, amma wa ya sani? Sannan ga farce. Wani ɓawo ne na dabbar ruwa mai kama da farcen mutum, shi ke riƙe ƙamshin humra. Sai an jiƙa shi an kankare, an soya a yashi mai zafi, in yana soyuwa kuwa ƙaurinsa sak na gasasshen kifi. Ƙamshin turare ba wanda ya kula da shi, don gidanmu dama kullum a cikinsa yake. Ƙaurin kifin nan shi ne ya zaga gari.

Da aka gama haɗi, ni na riƙe kwalabe Kaka na ɗurawa, don Inna na fama da goyo. Aka jera su a tukwane biyar, aka cike gefensu da yashi, aka liƙe baki da laka. Baba ya haƙa rami a bayan rumbu da hantsi ya binne su. Haka ake yi a garinsu Kaka, humra sai ta kwana arba'in a ƙasa take tsumuwa. Dokarta biyu ce: ba a buɗewa kafin ranar, kuma ba a ambaton sunan abin da aka binne, wai baki yana kashe shi. Ta kama kunnena ta murɗe har sai da na ga wuta, ta ce in na faɗa wa wani, ko da wasa, yunwar ƙannena tana wuyana. Abin da ba mu lura da shi ba, dangar bayan gidanmu awaki sun cinye rabinta, duk wanda ya bi ta burtali ya ga Baba a cikin rami.

Maƙwabcinmu na jikin danga abokin Baba ne tun na makarantar allo, tare aka yi musu kaciya. Mutum ne mai sanyi, ban taɓa jin ya ɗaga murya ba kafin shekarar nan. Ƙaramin ɗansa ya rasu da farkon bazara. Babbar 'yarsa ƙawata ce, tare muke ɗiban ruwa, sai na ga ƙafafunta sun kumbura, gashinta ya yi ja, ta daina zuwa rijiya. Inna takan miƙa musu ɗan kunun dusa ta kan danga, amma mu ma abin da muke sha ke nan. Tun ranar da aka binne tukwanen, maƙwabcin nan ya daina amsa sallamar Baba da kyau.

Ana kwana talatin mai unguwa ya zo. Dattijo ne mai hankali, ya zauna a zaure ya ce wa Baba gari ya ɗauki zafi, ana cewa ya ɓoye hatsi a ƙasa yara na mutuwa. Baba ya rantse ba hatsi ba ne. Mai unguwa ya ce to mene ne? Baba ya kalli ƙofar ɗakin uwarsa, ya ce kayan tsohuwa ne. Dattijon ya ce shi ya yarda, amma mai jin yunwa ba ya jin rantsuwa, a tono tukunya ɗaya tak a buɗe a gaban mutum uku, magana ta mutu. Ina laɓe ina ji Baba ya shiga yana roƙon Kaka, har da durƙusawa. Ta ce in iska ta shiga ɗaya, ta ɓata aikin, shanun sun tafi a banza.

"Kwana goma ya rage. Su jira."

Baba bai taɓa musa wa uwarsa ba. Ya fito ya ba mai unguwa haƙuri, dattijon ya girgiza kai ya saka takalminsa.

Ranar kwana talatin da bakwai ƙawata ta rasu da asuba. Baba ya je jana'iza, aka ƙi matsa masa a sahu, ya dawo gida tun kafin a gama rufe kabari. Rana ta take sosai lokacin da muka ji su. Daga maƙabarta kai tsaye suka taho, da galma da fartanya da sheburin da suka haƙa kabarin da su, jar ƙasar ma ba ta bushe a jikinsu ba. Sun kai mutum talatin, kuma babu baƙo ko ɗaya, duk mutanen da nake gaisarwa ne a hanyar rijiya. Ba su yi sallama ba. Ƙyauren zaure suka banke, wasu suka tattake danga suka shigo ta baya.

Ni ce a tsakar gida. Maƙwabcin nan ya damƙi hannuna, idonsa jawur, ya durƙusa daidai fuskata.

"Ke kin gani da idonki. Mene ne a cikin tukwanen?"

Na waiwaya. Kaka ta riga ta je ta zauna daram a kan ramin, ta miƙe ƙafa, ta zuba mini ido. Kalma ɗaya ce, turare. Daga bakin yarinya wataƙila da sun yarda, ko su tsaya su yi shakka. Amma na ji zafin kunnen nan, na ji yunwar ƙannena a wuyana, na ja bakina na yi gum. Ya girgiza ni har haƙorana suka haɗu. Ya miƙe ya ce wa mutane kun gani, har yarinyar an hana ta magana. Shekara fiye da hamsin ke nan, ban yafe wa kaina shirun nan ba.

Baba ya fito da gudu yana cewa turare ne, wallahi turare ne, ya karya dokar uwarsa a lokacin da ba ta da sauran amfani. Wani ya ce turaren ne ake dakawa kwana uku, turaren ne yake ƙaurin kifi? Suka ture shi suka nufi bayan rumbu. Aka ce Kaka ta tashi, ta ce sai dai a haƙa da ita. Samari biyu suka kama ta, ɗaya a hannu ɗaya a ƙafa, suka ja ta a ƙasa, ɗankwalinta ya faɗi, furfurarta ta bayyana, tana zaginsu da yarensu. Ganin an taɓa uwarsa, Baba ya fita hayyacinsa. Ya suri taɓarya ya sauke wa ɗayan a kafaɗa, na ji ƙashi ya amsa, yaron ya zube yana ihu.

Daga nan suka rufe shi. Duka ta ko'ina, da ƙota, da ƙafa, da dutsen murhu. Ya faɗi ya tashi, ya sake faɗuwa ya tashi a kan gwiwa, riga ta yage, yana kare kansa da hannu. Inna ta ajiye goyo a ƙasa ta faɗa kan Baba, aka yi ƙwallo da ita gefe. Sai na ga maƙwabcin nan, abokin kaciyarsa, ya ɗaga galma da hannu biyu, ya juya bayanta, ya sauke masa a tsakiyar fuska. Ƙarar ba ta da yawa, kamar an fasa ƙwarya ce a cikin zani. Baba ya tafi da baya, jini ya ɓalle ta hanci da baki, ƙafarsa ɗaya tana shure ƙasa. Ni ina tsaye a inda aka bar ni, fitsari na bin ƙafata.

Ba wanda ya ko kalle shi, ramin suka far wa. Tukunyar farko ta fito, aka maka mata shebur, yashi ya zube, kwalabe suka tarwatse. Suka ce wannan ta yaudara ce, hatsin na ƙasa. Ta biyu, ta uku, ta huɗu, suna fasawa suna cusa hannu a cikin yashi da gilas, yatsu na tsagewa ba su ma sani ba. Na ga wani dattijo ya dumbuzi yashin ya kai baki, ya tofar. Ta biyar aka buga mata fartanya ta rabe biyu. Sai ƙamshin ya taso gaba ɗaya, mai nauyi, mai zaƙi, ya cika gidan har yana sa tari, ya gauraye da ƙarnin jini. Ban taɓa jin humra mai kyawun wannan ba.

Mutum talatin a tsaye, hannuwa na ɗigar jini da turare, ba mai kallon wani. Ɗaya bayan ɗaya suka sulale ta inda suka karya danga. Maƙwabcin ne ya rage, ya zauna a ƙasa kusa da ramin, galmar a cinyarsa, yana kallon Baba. Inna ta rarrafo ta tofa masa yawu a fuska, bai goge ba. Mai unguwa ya iso a makare, shi ya sa aka ɗauko wanzami da mai ɗori.

Ka san abin da Kaka ta yi? Ɗanta na kwance ana tsane masa jini, ita tana rarrafe a cikin fasassun tukwane tana lalube. Ta samu kwalba uku da ba su fashe ba a ƙasan ta biyar. Ta haƙa rami da hannunta ta mayar da su, ta ce saura kwana uku. Kai, ranar na tsani tsohuwar nan, tsana ta gaske, har na ƙi cin abin da ta taɓa.

Baba bai mutu ba. Fuskarsa ta kumbura har ido ya ɓace, da tsinken kara ake ɗura masa kunu. Da kwana arba'in suka cika Kaka ta tono kwalabenta, amma ta ƙi buɗewa sai da kumburin ya saɓe, ya iya zama. Ta zo ta durƙusa gabansa, ta cire murfi, ta kai masa hanci kamar yadda ta saba. Ɗakin ya ɗauki ƙamshi har Inna ta leƙo daga waje. Baba ya lumshe ido ya ja numfashi. Ya sake ja. Ya karɓi kwalbar da kansa ya kusa cusa ta a hancin da ya karkace.

"Iya, ruwa kika zuba a ciki?"

Kaka ta karɓe kwalbar. Ta mayar da murfin a hankali, ta fita, ta shiga ɗakinta ta saki labule. Kwana biyu ba mu ga fuskarta ba.

Kwalba ukun nan su ne asalin duk abin da ka gani yau. Baba ya kai wa Hajiyar Birni da karkatacciyar fuskarsa, ya dawo da buhun dawa da kayan wani haɗin. Daga buhun ya auni kwano biyu ya ce in kai gidan maƙwabci. Na ce ba za ni ba, ya ce sauran yaran gidan ba su suka doke shi ba. Na kai, amma dangwarar da shi na yi a ƙofa. Mutumin bai ƙara haɗa ido da kowa ba, da ruwa ya sauka ya kwashi iyalinsa ya yi kudu, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Bayan rumbunmu kuwa, duk daminar nan in aka yi yayyafi sai ƙamshi ya tashi. Matan mutanen da suka fasa tukwanen suka riƙa zuwa a sace suna roƙon ɗan yashin su sa a akwatin kaya. Da aka samu amfanin gona, su ne suka fara saye.

Ni na zama hancin Baba. Shekara ashirin da wani abu yana haɗi da hannu da ido, ni ina shinshinawa ina faɗa masa. Ya koya mini da baki abin da shi ba zai ƙara ji ba, in na ce ya yi, sai ya ce in sake ji, kada in yi masa kara. Daga tebur a kasuwar Bici muka koma shago, ƙannena suka buɗe wani a Birni, yanzu 'ya'yanmu ta waya suke ciniki, a ɗora kaya a mota zuwa garuruwan da ban taɓa takawa ba. Baba ya ga farkon wannan kafin ya rasu. Abinci ma bai ƙara jin daɗinsa ba, yakan ce tuwo da laka duk ɗaya ne a bakinsa, ya yi dariya, mu kuwa ba ma yi. Kaka ba ta taɓa ba shi haƙuri a gabanmu ba. Sai a ciwon ajalinta, ina shafa mata mai a ƙafa, ta ce da ni ba tare da ta kalle ni ba, "Ɗaya fa kawai suka ce a buɗe."

Yau ba ma binne komai. A manyan jarkoki muke tsuma humra a sito, kwana arba'in ɗin dai suna nan, babbar 'yata ce ke rufewa ta rubuta rana a jiki. Bara wani sabon maƙwabcin shago ya tsaya a ƙofar siton, ya ce Hajiya, me kuke tarawa a jarkokin nan haka, ko fetur ne? Da wasa ya faɗa, yana murmushi. Jarkokin kwanansu tara da rufewa. Ban san lokacin da na tashi na kwance murfin ɗaya ba, na ce ya matso ya leƙa, ya sa hanci, ya kira duk wanda yake so ya zo ya gani. 'Yata ta yi ta faɗa, wai na lalata kaya, wai tsufa ya fara taɓa ni. Na ce eh, gobe ma in an tambaya zan buɗe.

Da kwanakin suka cika na zuba ta jarkar da na buɗe a kwalba ɗaya, ta wadda ba a taɓa ba a wata, na ba 'yata, na ba ƙannena, na ba tsofaffin masu sayenmu. Ba wanda ya iya rabewa. Ni kaina na wuni ina shinshinawa har kaina ya yi ciwo, ban tabbatar ba. In ma akwai bambanci, mutum ɗaya na sani da zai iya jin sa, shi ne kuma aka fasa wa fuska don kada a buɗe.